Ya Mutu, Ya Rasu, Ya Koma: Kalmar da Ake Kai Labarin Rashi da Ita

A ƙamus, "ya mutu" da "ya rasu" abu ɗaya suke nufi: rai ya bar jiki. Amma ka shiga gidan makoki ka ce wa ɗan mamaci "na ji Baba ya mutu", ka ga yadda fuskoki za su sauya. Ba ƙarya ka yi ba, kalmar ce ta fito tsirara.

"Mutu" ta kowa ce da komai. Akuya ta mutu, mota ta mutu, kasuwa ta mutu, har aure yakan mutu. "Rasu" kuwa daga "rasa" ta fito, tana nuna akwai waɗanda suka yi rashi, shi ya sa ba a ba dabba ita. Wanda ya ce jakinsa ya rasu, dariya yake nema. In aka ce "Allah ya yi masa rasuwa", an ƙara wani abu: an mayar da al'amarin ga Mai shi, an rufe ƙofar tambayar laifin wa. Da irin wannan lafazi ake sanar da rasuwar manya, kamar ta Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a ranar 6 ga Yuni, 2014.

Sauran kalmomin kowace da mazauninta. "Ya cika" ta waɗanda ke gaban majinyaci ce, lokacin da numfashi ya tsaya. "Ya riga mu gidan gaskiya" tana tuna wa mai ji cewa shi ma yana hanya, kuma daga wannan "rigaya" aka sami "marigayi". "Ya kwanta dama" hoton kabari ne, inda ake kwantar da mamaci a ɓarinsa na dama yana fuskantar alƙibla. "Wafati", wadda aka aro daga Larabci, da tsohuwar kalmar nan "faku", na annabawa ne da manyan bayin Allah.

Wadda ta fi taushi ita ce ta jarirai: "ya koma". Ba a ce an rasa shi ba, cewa aka yi baƙo ne da ya leƙo ya juya inda ya fito. Addu'ar ma daban take. Babba ana roƙa masa gafara, jariri kuwa ba shi da zunubi, don haka uwarsa ake ce wa "Allah ya sa mai ceto ne".

Akwai kuma na cin fuska. "Ya sheƙa barzahu" ko "ya baƙunci lahira" suna ɗauke da murna a ɓoye, shi ya sa ake jin su a labarin ɗan fashi ko ɗan bindiga. Masu rubutu a Facebook kan ɗauka ado ne, su liƙa wa mutumin kirki, iyalansa kuma su karanta shi a matsayin zagi. Haka "gawa" da "mushe": ta biyu ta dabbar da ta mutu ba yanka ce.

In labarin za a kai wa na nesa ta waya, ba a jefa shi lokaci guda. A fara da sallama da gaisuwa, a tambayi inda yake, don kada a same shi yana tuƙi. Sannan a ce "jikin Baba ya yi tsanani", a ɗan saurara. Mafi yawan mutane a nan suke ganewa, su tambaya da kansu, sai a amsa da "sai haƙuri". Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a "jiki ya yi tsanani" alhali za a yi jana'iza bayan Azahar. Mutum ya taso daga Legas ko Yamai da zaton zai tarar da majinyaci, ya iso ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

A kwana 3 na zaman makoki ma gaisuwa takan sauya. Bayan sallama, abin da ake tambaya shi ne "ya haƙuri?", ba "ya gida, ya aiki?" ba.