Abin da na ɗauka a wurin John Summerson, har da kuskurensa

Muna aji uku a sashen zanen gine-gine malaminmu ya ɗora mana karatun John Summerson. Ni dai a raina ɓata lokaci ne. Mu da muke ɗokin a koya mana ɗora bene, me ya haɗa mu da Baturen Ingila wanda ba a san shi da gina komai ba, sai rubutu a kan abin da wasu suka gina?

An haife shi a Darlington a 1904, ya yi karatun gini a Landan, amma alƙalami ya fi karɓarsa. A 1935 ya fitar da tarihin John Nash, mutumin da ya tsara titin Regent. Littafinsa da ya kama ni shi ne Georgian London na 1945, a kan gine-ginen Landan na zamanin sarakunan Ingila masu suna George. Na buɗe ina jiran kirarin fadoji da majami'u, sai na tarar mutumin yana ta maganar hayar fili da aljihun magina.

Ga yadda abin yake. Manyan masu ƙasa na Landan, irin gidan Bedford, ba su cika sayar da fili ba. Haya suke bayarwa, sau da yawa ta shekara 99. Magini ya karɓa, ya gina, ya sayar, ranar da wa'adi ya cika kuwa fili da gidan duka su koma hannun mai ƙasa. To wanda ke neman riba a kan haka dole ya matse faɗin gida ya miƙa shi sama, don gidaje da yawa su samu fuskar titi. Sai dokar gini ta 1774 ta zo ta kasa gidaje aji huɗu, ta faɗi kaurin bango, ta rage katako a fuskar gini saboda tsoron gobara. Jerin gidajen jan bulo masu kama da juna da baƙi ke ɗauka hoto yau, rabin kyansu daga takardar haya da doka ya fito. Tun daga lokacin, in na tsaya gaban gini, kafin in ce ya yi kyau sai na tambayi filin wa ne, kuɗin wa, kuma wace doka ce ta ɗaure hannun maginin.

Aikinsa na lokacin yaƙi ma ya zauna mini. A daren 29 ga Disamba 1940 jiragen Jamus suka ƙona tsakiyar Landan, majami'u da dama da shahararren mai zanen gini Christopher Wren ya tsara suka ci wuta. A 1941 aka kafa hukumar tara hotuna da zanen tsofaffin gine-gine, Summerson na mataimakin shugabanta, yana yawo da kyamara yana ɗaukar abin da ba a san ko zai kwana ba. Bayan yaƙi ya riƙe gidan tarihi na John Soane, wani mai zanen gini da aka mayar da gidansa wurin tarihi, daga 1945 har 1984. Shekara 39 a gida ɗaya, wanda dokar majalisa ta 1833 ta ce a bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Sai dai gwani ma yakan yi tuntuɓe. A farkon shekarun 1960 hukumar lantarki ta Ayilan ta so rushe gidaje 16 a titin Fitzwilliam na Dablin don ta gina ofis. Gidajen suna cikin wani dogon jeri na zamanin da Summerson ya fi kowa sani. Aka nemi ra'ayinsa, ya duba, ya ce ba wani abin a zo a gani, gidaje ne kawai wani na bin wani. A 1965 aka rushe su. Ofishin da aka gina a wurin ma daga baya an rushe shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ya koya mana cewa darajar irin wannan titi a jerin take, shi ne ya ɗauki gidajen ɗaya ɗaya ya ce ba su kai ba. Na tuna na rufe littafin da na karanta wannan labari a ciki ina cewa ni ba zan taɓa yin haka ba.

Ashe ba a nan take ba. A shekarar ƙarshe aka tura mu awon tsofaffin gidaje a cikin birni. Na zaɓi gidan wani attajiri na da, mai zanko huɗu da ado a goshin zaure, na kwana uku ina jan tef ina ƙirga azara. A gefensa akwai layin gidajen ƙasa bakwai, ba ado, ba komai, sai indararo da dakali. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar ɗaya yana kallona tun ranar farko. Rana ta uku ya ce, "Ɗana, mu namu ba za a auna ba?"

Na ce, "Baba, ai irin naku suna da yawa."

Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne. Allah ya ba da sa'a."

Damina biyu bayan nan aka zo faɗaɗa titi. Gidan attajirin ya ɗan ja baya daga titi, ya tsira. Layin bakwai ɗin katafila ta kwashe shi. Da na koma neman abin da zan saka a rahoto, na zazzage hotunana sama da ɗari, duk zanko ne da zaure. A guda ɗaya kawai, can gefen hagu, rabin dakalin dattijon ya shigo da takalmansa a ƙasa, shi ma don hannuna ya karkace ne lokacin ɗauka.