Ruwan rani ba fetur

Jama'a yau da hantsi ina tsaye a gonar shinkafata nan fadamar Auyo a jihar Jigawa, ruwa na ta kwarara cikin kwamai ba ƙara ba hayaƙi, wallahi sai da idona ya ciko. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 noman rani ya nemi ya gagare mu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, bara sai da na sayar da akuyar maiɗakina don in cika jarka biyu na man injin ban ruwa kar shuka ta ƙone.

Bana Allah ya sa ƙungiyarmu ta manoma ta samu injin ban ruwa mai sola na tallafin gwamnati, mu huɗu muke karɓa-karɓa. Rana na ɗagawa yake tashi, da azahar ya fi ƙarfi, la'asar sakaliya ya lafa. Kullum da safe sai ka goge faifan solar, mai ɗaukar hasken rana, da tsumma saboda ƙurar hunturu, in ka bari ta taru ruwan raguwa yake kana kallo. Baba da ya ce shi bai yarda rana za ta ja ruwa ba, jiya shi da kansa ya riƙe tiyo yana ta Masha Allah.

Abin da ke damuna maƙwabtana, da yawa har yanzu jarka suke ɗaurawa a bayan mashin. Don Allah hukuma a ƙaro, kuma a koya wa yaranmu gyara, in ya lalace ba mu da mai duba shi kusa sai an je Haɗeja.