Abin da auna insulin ya koya mini

Da hanyar ELISA, wani gwajin ɗakin bincike, nake auna insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jiki, a ruwan jini. Faranti ne na roba mai ramuka 96, kowane rami an shafe shi da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki, mai cafke insulin. In zuba samfur, in ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da inzayim (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai), in wanke, sannan in sa TMB, wani sinadari da inzayim ɗin ke sauya wa launi, ruwan ya yi shuɗi. Da an ɗiga asid sai ya koma rawaya, na'ura ta karanta ƙarfin launin a nanomita 450. Duk mai natsuwa zai iya wannan.

Yawancin ɓarnar tun kafin jinin ya iso hannuna take faruwa. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wani inzayim mai lalata insulin. In aka ja jini da ƙarfi ko aka jijjiga kwalbar har suka farfashe, sakamako zai fito ƙasa da gaskiya, na'ura kuwa ba za ta ce uffan ba. Shi ya sa nakan ɗaga kowace kwalba in dubi launinta tukuna. Wadda ta yi jaja-jaja sai in ware ta, in ce a sake ɗiba. Masu kawowa ba sa jin daɗin haka, amma gara ɓacin ransu da lambar ƙarya. Wanda zan ajiye kuwa nakan rarraba shi kaɗan-kaɗan kafin ya shiga firiza, don kada a yi ta narkar da shi ana mayarwa.

Sai tambayar da nake yawan yi: mai jinin ya ci abinci? Insulin ba ya daɗewa, cikin minti 5 ko makamancin haka rabinsa ya bar jini, hanta ma tana kwashe kusan rabi tun farko. Lambar insulin da ba a haɗa ta da sukarin wannan lokacin ba, a ganina ba ta da amfani sosai.

Kayan gwajin ma kowane kamfani da nasa hali. Wani yana ƙirga proinsulin, wato insulin da jiki bai gama haɗawa ba, a matsayin insulin, wani ba ya ganin insulin ɗin allura irin su lispro da aspart. Mutum zai zo sukarinsa ya faɗi warwas saboda allura, gwaji ya nuna insulin kaɗan. A nan auna C-peptide, wani guntun furotin, ke taimakawa, tunda jiki ne kaɗai ke fitar da shi tare da insulin, babu shi a cikin allura.

Masu bincike Rosalyn Yalow da Solomon Berson sun gano a 1956 cewa masu yin allurar insulin jikinsu na ƙera antibodi a kansa, daga nan suka ƙirƙiro gwajin RIA, wata hanyar auna insulin da antibodi. Irin wannan antibodin har yau yana rikita mana sakamako. In lamba ta yi sama fiye da kima ga mai allura, sai in sa wani sinadari mai suna PEG ya kwantar da antibodin, in sake aunawa.