A bar yarinya ta zauna a hostel

Duk lokacin da jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi, wayata ba ta hutawa. 'Yan uwa da abokan arziki kowa da tasa tambayar, amma wadda ta fi yawa daga iyayen 'ya'ya mata take fitowa: "Anti, 'yarki ta samu Zariya. Hostel za mu bar ta, ko mu kai ta gidan kawunta a cikin gari?" Amsata ɗaya ce kullum. In dai ta samu gado, a bar ta cikin makaranta.

Na ɗanɗana duka biyun, shi ya sa nake faɗa da ƙarfin gwiwa. A Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu, a Samaru. Shekarar farko a gidan Gwaggo na yi ta a birnin Zazzau, sauran kuma a hostel ɗin mata na Amina Hall. Gwaggo, Allah ya saka mata da alheri, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Amma gida gida ne. Idan baƙi suka zo ke za ki tashi ki kawo ruwa. Idan ana suna a maƙwabta ba za a ce ki zauna da littafi a ɗaki ba, ke ma kunya ba za ta bar ki ba. Ga wanke-wanken dare, ga yara da ke jiran ki koya musu aikin gida na makaranta. Babu wanda ya zalunce ki, kowa ma son ki yake yi, sai dai lokacin da za ki buɗe littafi ƙarfe goma ta wuce kuma idonki ya yi nauyi. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba za ta iya kallon gwaggonta ta ce "ina da gwaji gobe, ba zan yi tuwo ba." Za ta yi tuwon, gwajin kuma ya zo yadda ya zo.

Sai hanya. Wanda ya san Zariya ya san abin da ke tsakanin birni da Samaru: ka fito ta Ƙofar Doka, ka bi Tudun Wada, ka ratsa Kwangila da Palladan kafin ka ga ƙofar makaranta. Lakcar ƙarfe bakwai ko takwas ta safe tana nufin da an idar da sallar asuba kin fito bakin titi, cikin hunturu ko cikin ruwan Agusta. Wannan ma a zamaninmu ke nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama wani abu dabam. Uba ya zauna ya lissafa kuɗin zuwa da dawowa na kowace rana har zangon karatu ya ƙare, ya kwatanta da kuɗin gado na shekara. Ba sai na ƙara komai ba.

Abin da mutanen gida ba su cika sani ba shi ne, rabin karatun jami'a bayan an tashi daga aji ake yin sa. Malami yana shiga ya yi awa biyu ya fita. Fahimtar abin da ya faɗa kuwa sai da yamma, a Laburaren Kashim Ibrahim, ko bayan isha'i lokacin da wani ɗan aji huɗu zai tara ƙannensa a wani aji ya warware musu lissafin da ya gagare su. Mai kwana a gari ba ta ganin wannan, domin kafin magariba dole ta kama hanya. Haka idan aka ɗaga lakca daga safe zuwa yamma, 'yar hostel ta koma ɗaki ta yi girki ta ɗan runtsa, 'yar gari kuwa ta wuni a kan benci da yunwa. Masu zanen gine-gine da ke kwana a ɗakin zane, da masu kimiyya da ke daɗewa a ɗakin gwaje-gwaje, su kam ban san yadda za su yi daga cikin gari ba.

Na san abin da ke zuciyar iyaye, kuma ba na raina shi. Tsoron lalacewar tarbiyya ne. Kowa ya ji labarai. Amma ina roƙon Baba da Mama su duba da kyau. A hostel ɗin mata akwai masu kula da ƙofa, namiji ba ya wucewa zuwa ɗakuna, akwai masu gadin makaranta, akwai asibitin ɗalibai kusa. Fiye da haka, akwai idon 'yan ɗaki. Idan yarinya ba ta kwana a gadonta ba, kafin gari ya waye an sani, kuma za a tambaye ta. Idan zazzaɓi ya kama ta cikin dare, akwai mai riƙe ta zuwa asibiti. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗakin haya a wajen makaranta, inda yarinya 'yar shekara 17 ke rufe ƙofa ita kaɗai, mai gida ba ruwansa da ita sai ranar karɓar kuɗi. Kuma kuɗin nan ba ya tsayawa. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas ɗalibai suna gida, amma hayar ɗakunan da suka kulle tana ta tafiya.

Ta fuskar addini ma ni dai ƙaruwa na yi. Azumin cikin makaranta yana da daɗin da ban samu a wani wuri ba. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tana shirya karatu da wa'azi, da dare a jera sahu a yi asham, da sahur ki ji ana ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya don kada wata ta makara. A nan na gyara karatun Alƙur'anina a wajen wata 'yar Borno da ke ɗakin da ke kallon namu.

Jami'ar nan tun da aka buɗe ta a 1962, zamanin Sardauna, take tara mutane daga kowane lungu na ƙasar nan, kuma a ɗakin kwana ne ake haɗuwa ta gaske. A aji kowa da nasa yake zama. A ɗaki kuwa ba ke kika zaɓi abokan zama ba. Na zauna da wata 'yar Tibi daga Binuwai. Idan ta dawo hutu da doya take dawowa, ni kuma da yajin daddawa da dambun nama da Inna ta ɗura mini a roba. Risho ɗaya muke ɗora tukunya. Ita ta koya mini sakwara, ni na koya mata ɗanwake, har ta fi ni iya saka kanwa daidai. Ranar Lahadi ta tafi coci, lokacin salla ta kashe rediyonta ba tare da na ce komai ba. Yau shekaru sun ja, amma duk abin da aka faɗa a kan mutanenta ko nawa, mu biyun mun san abin da muka gani da idonmu. Ban ga littafin da zai koya wa yarinya wannan ba.

Akwai wahala, ba zan ɓoye ba. A jami'o'in gwamnati ko'ina akwai cunkoso, akwai layin ɗiban ruwa, akwai mai surutu lokacin da kike son barci. Amma a cikin wannan ne yarinya ke koyon ja da kuɗin wata har ya kai ƙarshe, da adana kayanta, da faɗin gaskiya ga abokiyar zama ba tare da an yi faɗa ba.

Ba kowa nake cewa ba. Matar aure mai goyo lissafinta dabam ne, haka wadda gidan iyayenta ke nan Samaru, taku kaɗan daga ƙofar makaranta. Sauran kuwa, babbar matsalarsu samun gadon ne, domin ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Don haka da an gama rajista a sa ido a shafin makaranta, ranar da aka buɗe neman gado a nema, a biya a kan lokaci. Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa wannan jami'a ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma ina fata sauran masu hali a Arewa su yi koyi, musamman a gina na mata. Na san gidajen da aka hana yarinya tafiya jami'a gaba ɗaya don kawai ba a samu inda za ta kwana hankali kwance ba.