Idan Mutumin Baga Ya Rasu a Jos

A zaman makokin mutanen bakin Tabkin Chadi da ke zaune a Jos, da wuya a yini ba a ji wani ya ce da ma a gida aka binne shi ba. Gida a nan shi ne Baga, ko Doron Baga, ko ɗaya daga cikin tsibiran da ake kira tumbu. Da yawansu harin da Boko Haram ta kai Baga ranar 3 ga Janairun 2015 ne ya fito da su, wasu kuma na Disambar 2018. Sun baro ƙasa mai zafi da rairayi da warin banda, suka sauka a kan dutse mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, inda sanyin Disamba ke hana tsoho fita sallar asuba. Duk rasuwar da aka yi a cikinsu takan tayar da rashi biyu, na mamacin da na garin, kuma sau da yawa kewar garin ce ke yanke shawarar da ya kamata hankali ya yanke.

Shawara ta farko ita ce ta gawa. A ganina a binne shi a Jos, kuma a ranar. Daga Jos zuwa Maiduguri ta Bauchi da Potiskum da Damaturu kusan kilomita 600 ne. Daga Maiduguri zuwa Baga, ta Gajiram da Monguno da Kuros Kauwa, akwai wasu kusan 200, kuma hanya ce ta shingayen sojoji da ake rufewa da buɗewa gwargwadon halin tsaro. Motar da ta bar Jos da hantsi tana iya isa ƙofar Maiduguri bayan an rufe, ta kwana a waje. Abin da ya rutsa da matafiya ke nan a Auno a Fabrairun 2020, inda aka kashe aƙalla mutum 30. Ko da an tsira daga wannan, kwana biyu a bayan mota cikin zafin Borno yana canza gawa, ciki ya kumbura, likkafani ya ɓaci, sai a ƙare da gaggawar binnewa a garin da ba Jos ba, ba kuma Baga ba. Malikiyya sun yarda a ɗauki mamaci zuwa wani gari, amma da sharaɗin kada a keta alfarmarsa kuma kada ya lalace a hanya. Wannan tafiyar ba ta cika sharaɗin ba. Ko shahidan Uhudu da danginsu suka fara ɗauka zuwa Madina, umarni aka yi a mayar da su inda suka faɗi. Idan mamacin ya bar wasiyyar a kai shi gida, a tambayi malami, amma wasiyyar da za ta jefa rayayyu cikin halaka ba ta zama dole.

Abin da iyali za su iya yi wa kewarsu a nan ƙarami ne amma yana da amfani. Wanda ya fi kowa natsuwa ya lura da wurin kabarin tun ranar: layi na nawa daga katanga, kusa da wace bishiya, sannan a kafa dutse. Maƙabartun Jos cike suke, kuma damina ɗaya daga Afrilu zuwa Oktoba ta isa ta baje tudun kabari. 'Yan'uwan da za su zo daga Maiduguri ko Diffa bayan wata shida abu na farko da za su tambaya shi ne a kai su wurinsa.

Ɗaya yanayin ya fi ciwo, wato a ce can aka rasu, labari ne kawai ya iso ta waya. A nan mutane kan so a yi sallar gawa daga nesa. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda da ita, suna kafa hujja da sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi. Malikiyya, mazhabar da akasarinmu ke bi, ba su ɗauke ta abin yi ga kowa ba. Kada wannan ya zama rigima a ƙofar gida. Haka ma sadakar uku da bakwai da arba'in: a garin da aka kafa Izala a 1978, da wuya a sami zuri'ar da babu masu yi da masu hanawa a cikinta. Babban gida ya yanke magana tun daren farko, a faɗa wa kowa, don kada a bar matar mamaci tana sauraren gardama a kan gumba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne addu'a, da biyan bashi, da kuma cewa maƙwabta ne ke kai wa gidan rasuwa abinci, kamar yadda aka yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar. Wanda ya gudo ba shi da maƙwabtan shekara talatin, saboda haka nauyin yana kan mutanen unguwa, ko a Rikkos ne ko Gangare ko Unguwar Rogo. Kwana uku na tuwo da miya da itacen dafa shayi ba ya talauta layi guda.

Takaba ita ce inda aka fi yin kuskure. Wata huɗu ne da kwana goma na watan Musulunci, mai ciki kuma sai ta haihu. Ana fara ƙirga daga ranar da mijin ya rasu, ba daga ranar da labari ya zo ba. Idan ya rasu a tsibiri, sai bayan wata biyu aka ji, saura wata biyu da kwana goma ke nan. Idan wa'adin ya riga ya wuce kafin a ji, ta fita. Tana zama a gidan da take ciki lokacin rasuwar, ko da ɗakin haya ne, tana iya fita da rana don buƙata kamar asibiti ko sana'ar da take ci da ita, ta dawo ta kwana. Matsalar da ake samu ita ce kuɗin haya ya ƙare a tsakiyar takaba. Dangin miji su je wurin mai gida tun makon farko su ji ranar da hayar za ta ƙare, su cike abin da zai kai ta wata biyar. Kada a ɗauke ta a kai ta Maiduguri don kawai a can dangi suka fi yawa, sai idan zaman ya gagara ko akwai tsoro.

Akwai kuma matan da ba a ce musu miji ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ya shiga ruwa da koma tun shekaru, shiru. Wannan ba hukuncin da dangi ke yankewa a zaure ba ne. Ta kai magana gaban alƙali. Sanannen hukuncin Malikiyya shi ne a yi bincike, sannan a ɗiba mata shekara huɗu, ta yi takaba bayansu, idan ya bar abin ciyar da ita. Idan bai bari ba, tana da haƙƙin neman a raba auren saboda rashin ci da sha ba tare da wannan dogon jira ba. Mata da yawa sun shekara goma a rataye saboda babu wanda ya gaya musu haka.

Sai dukiya. Tsarin a bayyane yake: kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan gado. Matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu. Wahalar ita ce dukiyar masunci ba a banki take ba. Kwale-kwale ne, da injin idan akwai, da kalli da taru da ƙugiyoyi, da gura, wato tarkon kifin da ake jerawa a ruwa a yi dumba, da gonar wake ko masara a inda ruwa ya janye. Kuma kusan kowane masunci yana da fatoma, wanda ke ba shi kuɗin kayan aiki ya karɓi kifi a madadin. Lissafin yana kan fatoma ko a littafinsa, wani lokaci shi ke bin bashi, wani lokaci shi ake bi kwalayen bandar da aka tura Kudu ba a kawo kuɗin ba. A neme shi a waya cikin makon farko, a sa mutum biyu su saurara, a rubuta. Bayan shekara ɗaya lissafin baki ya zama musu. Gonar bakin tabki kuwa a yi hattara da sa ta cikin rabo kamar fili mai takarda, domin yawanci bulama ne ke ba da ita, kuma bana tana tudu, baɗi tana ƙarƙashin ruwa. A rubuta ta, a sanar da bulaman cewa magada na nan, a jinkirta yi mata kuɗi. Takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma a karɓe ta da wuri, ko asusun banki ɗaya ne ya bari.

Ba na son yadda wasu masu ta'aziyya ke tsawata wa wanda ya ambaci gida, wai rashin tawakkali ne. Bilal, da zazzaɓin Madina ya kwantar da shi, baitoci ya riƙa yi yana fatan ko zai sake kwana a kwarin Makka, ko zai sake shan ruwan Majanna. Annabi (SAW) bai hana shi ba, addu'a ya yi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Saboda haka idan tsohuwa ta fara lissafa giwan ruwa da bargi da ƙarfasa da tarwaɗar da mijinta ke kawowa, a bar ta ta ƙarasa. Gara ma a kunna waya a naɗi muryarta, a tambaye ta sunayen tsibiran da unguwannin da wanda ke maƙwabtaka da wa. Yaran da aka haifa bayan 2015 ba su taɓa ganin kasuwar Doro ba, kuma tabkin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya: daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba bayan farin shekarun 1970 da 1980. Wani abin da ke sanyaya zuciyar wasu shi ne sanin cewa kogin Jama'are daga tsaunukan kusa da Jos yake tasowa, ya haɗu da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a tabkin ta arewacin Baga.

Gargaɗi ɗaya game da ruwa. Mai kewar tabki yakan nemi bakin ruwa ya zauna, kuma Jos cike take da kududdufan da haƙar kuza ta bari, irin na wajen Rayfield da Bukur. Ba irin ruwan gida ba ne. Tabkin Chadi shimfiɗaɗɗe ne, a wurare da dama mutum na tafiya da ƙafa ko ya tura jirgi da gora. Kududdufin kuza rami ne mai gangare a tsaye, mai zurfi da sanyi da laka a ƙasa. A gaya wa samari da yara wannan ƙarara, musamman waɗanda ke taƙama da cewa su 'ya'yan masunta ne.

Baƙin ciki na makonni ba ciwo ba ne. Amma idan wata shida ya wuce mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, yana firgita da ƙarar babur ko knockout ɗin yara, ko yana cewa gara ya bi mamacin, a haɗa addu'a da asibiti. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a Maiduguri kuma akwai asibitin tarayya na wannan fanni. Wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi a ranar.

Masu son zuwa ziyarar kabari a can, tun Satumbar 2020 gwamnatin Borno ta fara mayar da mutane Baga, kuma ana zuwa. A bari takaba ta ƙare, a sauka Maiduguri a kwana, a tambayi direbobin tashar Baga halin hanya a safiyar da za a tashi, ba jiya ba. A tafi da katin shaida, a bar yara a Jos a zuwan farko, kuma kada a shiga tsibiri don neman kabari ko jirgin mamaci sai da izinin jami'an tsaro da rakiyar mutanen gari.