Yadda Muka Fitar da Waƙar Farko ta Wata Matashiya a Ingila

Waƙar ta iso hannuna ne a waya, murya da piyano kawai, tsawonta minti 4 da daƙiƙa 20. Wata 'yar shekara 19 daga Manchesta ce ta rubuta abarta ta kuma rera. Aikina a wani ɗan situdiyo da ke arewacin Landan shi ne in mayar da ita waƙar fof da rediyo zai iya ɗauka.

Da almakashi muka fara. Amshin ba ya shigowa sai an haura minti ɗaya, alhali Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ba ya ƙirga sauraro sai mutum ya kai daƙiƙa 30, kuma wanda bai san mawaƙiya ba ba zai yi ta jira ba. Muka rage kiɗan buɗewa, muka cire rabin baiti na biyu, amshi ya dawo daƙiƙa ta 45, waƙa ta tsaya a minti 3 da daƙiƙa 10. Sannan muka sauke tsayin sautinta da rabin mataki, domin wurin da muryar ke hawa sosai yana shaƙe ta bayan rerawa ta uku. Tilas a yanke wannan kafin a ɗauki jita da ganga. In an bari sai daga baya kwamfuta ta sauke su, kunne yana ganewa.

A irin wannan waƙa murya ce jari. Ta tsaya tazarar tafin hannu daga makirufo, da ragar tare iskar baki a tsakani, saboda Ingilishi cike yake da "p" da "s" masu fashewa. Sau shida ta rera daga farko har ƙarshe, na bi layi-layi ina zaɓen mafi kyau. A nan na tafka kuskure biyu. Na farko, na goge duk jan numfashinta, na kuma matse gyaran murya da kwamfuta har komai ya zauna daram, sai waƙar ta fito sumul amma babu rai. Da na mayar da numfashin da ke gaban amshi, na bar 'yar rawar muryar da ke kalmar ƙarshe, sai ta koma tata. Na biyun, ƙas-ƙas ɗin ma'aunin bugu, wanda mawaƙi ke bi don kada ya kauce wa kiɗa, ya zubo daga abin kunnenta ya shiga makirufo a layin ƙarshe, inda kiɗa ya yi shiru. Ban ji ba sai wajen gogewar ƙarshe, wato daidaita sautin waƙar gaba ɗaya kafin a fitar da ita, da aka ɗaga sauti, dole muka sake kiranta. Maganin shi ne abin kunne rufaffe, a kuma rage ma'aunin a wuraren shiru.

Gogewar ƙarshen ba ta da wani sirri. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, don haka cusa ƙara ba ya ƙara komai sai kashe armashi. Mun bar ƙololuwar ƙara a -1 dB, wato kaɗan ƙasa da iyaka, muka fitar a fayil ɗin WAV mai cikakken inganci, muka saurara a lasifikar waya da ta mota.

Abin da ya fi damuna da matasan da ke shigowa situdiyo shi ne rainin takardu. A Birtaniya haƙƙi biyu ne. Na rubutun waƙa, ƙungiyar PRS for Music ke karɓo kuɗinsa, marubuci yana biyan kuɗin rajista sau ɗaya ya shiga. Na sautin da aka ɗauka kuwa ƙungiyar PPL ce, shigarta kyauta, kuma nan ake rubuta duk wanda ya yi kiɗa, har mai jitan da ya zo na awa biyu. Kafin kowa ya bar ɗaki muka rubuta kason kowa aka sa hannu. Rabon da ake yi cikin raha yau, shi ke zama rigima ranar da waƙa ta karɓu. Sai lambar ISRC mai harufa da lambobi 12, wadda da ita ake gane sautin duk inda aka sa shi.

Tun Yulin 2015 ranar Juma'a ake sakin sababbin waƙoƙi a duniya. Mun miƙa tamu ga kamfanin rarrabawa, mai kai waƙa Spotify da ire-irensa, saura mako uku, muna ganin lokaci ya wadata. Aka dawo mana da hoton bango saboda mun rubuta adireshin shafinta a jiki, abin da ƙa'ida ta hana. Kwana biyar suka tafi a gyara. Ga shi sabuwar mawaƙiya ba ta da shafi a Spotify for Artists, sashen mawaƙa na manhajar, sai waƙar ta isa can, kuma ana so a gabatar da ita ga masu tsara jerin waƙoƙi aƙalla kwana 7 kafin fita. Da kyar muka tsallake. Yanzu mako shida nake ba kowa, hoto kuma mai ɗigon pixel 3000 sau 3000, babu komai a kai sai sunanta da na waƙa.

Mun kuma ɗora ta a BBC Introducing, shirin da aka fara a 2007, wanda ke tura waƙa ga tashar yankin mawaƙi. Akwai ashar guda a baiti na biyu, shi ya sa muka sa ta sake rera layin da wata kalma maimakon a toshe shi da shiru.

Batun kuɗi na faɗa mata tun farko. Daga 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan kuɗin sautinta. A jadawalin waƙoƙin Birtaniya kuma, sauraro 100 na masu biya ko 600 na masu jin kyauta ne ke daidai da sayen kwafi ɗaya. Kafin in rufe aikin na fitar da kiɗan zalla da muryar zalla na adana a wuri biyu, domin masu talla da talabijin in sun nema, a ranar suke so.