Ƙannena masu haɗa sabulun ruwa, ku ji yadda idona ya kusa tafiya

Shekaranjiya 'yar ƙanwata da ke Jidda ta turo min bidiyo a WhatsApp, ita da ƙawayenta biyu sun sa roba a tsakiyar kicin suna dama sabulun ruwa, ba safar hannu, ba komai a ido, ɗayar ma da goyo a bayanta, sai dariya suke wai sun fara sana'a. Na yi musu murna wallahi, amma sai da gabana ya faɗi, don ni na san abin da ke cikin robar nan, kuma ba a aji na koya ba, a jikina na koya.

Lokacin muna zaune wajen Shara Mansur a Makka na fara, bayan na gaji da aikatau a gidajen mutane. Wata Hajiya 'yar Sudan ce ta koya min a wuni ɗaya, ta lissafa min kayan: salfonik, soda (kostik soda mai ƙuna, ba ta girki ba), Texapon, gishiri, kala da turare. Kuma tsakani da Allah ta ce min "'yata ki kula da idonki", ni ce dai na ce a raina haba Hajiya, sabulu ne fa, wa sabulu ya taɓa kashewa.

To inda na fara ɓata lissafi kenan. Abin da kike saya a bakala kina wanke kwanuka da shi an riga an tsinka shi da ruwa mai yawa. Wanda muke ɗaukowa a jarka kuwa gundarin sinadarin ne. Texapon ɗin nan fari mai kama da kitse kashi 70 cikin 100 ne, salfonik kuma mai kama da baƙar zuma yana kai kashi 96, kuma asid ne, shi ya sa sai an kashe masa kaifi da soda. Texapon da salfonik ɗin su ne masu kumfa da cire maiƙo, masana suna ce musu safaktan. Yadda suke aiki, kowace ƙwaya tasu ɓangare biyu gare ta, ɗaya yana son ruwa ɗaya yana son mai, sai ta cafke maiƙon ta ja shi cikin ruwa ya tafi. Matsalar dai ba ta san bambancin maiƙon kabsa da ke jikin faranti da ɗan man da Allah ya sa a fatarki ba, duk ɗaya take kwashewa.

Wata uku da farawa hannuna ya koma kamar bayan kada, tsakanin yatsu ya daddare, in zan yi alwala sai na cije baki. Na riƙa sa lalle wai in rufe, ashe ƙara wa kaina wuya nake. Na koma sa 'yar ledar hannun nan ta masu sayar da abinci, ita kuma da kin kama muciya ta yage, sinadarin ya shige ciki ya kwanta da gumi, gara ma babu. Safar roba mai kauri wadda ta kai kusan gwiwar hannu ita ce magana.

Ranar da abin ido ya faru ana tsakiyar zafi ne, na rufe ko'ina na kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ni kaɗai a gida. Na ɗaga jarkar salfonik ina tsiyayawa a roba, kin san yadda abu mai kauri yake yi, sai ya tsaya ya haɗiyi iska ya yi gul ya faɗo gaba ɗaya, kuma ni na sunkuya fuskata kusa da robar ina duba ma'auni. Ɗigo ɗaya ne ya fallatso idona na hagu, ɗaya tak. Ban taɓa jin azaba irin wannan ba, ko haihuwa tana ba ki lokacin numfashi. Abin da na fara yi shi ne mafi muni, na kama bakin mayafina na murje idon. Na fito ina ihu, maƙwabta suka taru, wannan ta ce a ɗiga madara, waccan ta ce kwalli, wata tsohuwa ta ce a matsa lemun tsami, Allah ya gafarta mata, niyyarta mai kyau ce. 'Yar maƙwabciyata mai karatun jinya ita ta ture kowa, ta ja ni bakin famfo, ta karkata kaina idon da ya ƙone yana ƙasa don kar ruwan ya gangara cikin mai lafiyan, ta buɗe fatar idon da yatsunta ta saki ruwa. Ina cewa ya isa haka, tana cewa "Inna yi haƙuri, da saura", tana duba agogon wayarta har minti 20. A asibiti likita ya ce wankin nan ne ya taimake ni. Na yi kwanaki da bandeji da maganin ɗigawa, har yau in iska mai ƙura ta taso idon nan ne ke fara hawaye.

Don haka ku riƙe wannan: ruwa kawai, mai gudana, aƙalla minti 15, kafin a nemi mota kafin a nemi mayafi. Mai ruwan tabarau na mannawa ta cire shi. Sannan a tafi asibiti da jarkar ko hoton takardar jikinta. Kuma ku sani ni da sauƙi na samu, da ruwan soda ne ya shiga da labarin ya bambanta, don soda ta fi asid cin ido, ratsawa take yi ciki tana ci gaba da ɓarna.

Soda kuwa, ita ake zubawa a ruwa kaɗan kaɗan ana juyawa, ba a zuba mata ruwa a kai, don zafi take ɗauka nan take har ta yi tsalle. Na taɓa jiƙa ta a tsohuwar tukunyar alminiyam don ƙyashin ɓata roba, sai ga tukunya ta yi baƙi tana tafasa ba wuta. Daga baya na ji iskar da ke fita haidirojin ce, mai kamawa da wuta, ni kuma ga tukunyar gas a gefena. Roba mai kauri da muciyar katako ko ta roba, kuma wadda ba za ta sake komawa tuwo ba. Ku sayi takardar gwajin pH, mai nuna ko asid ko soda ya yi yawa a haɗin, ba ta da tsada, ku tsaya wajen lamba 7, wato tsaka-tsaki. Ni da ido nake aunawa da farko, soda ta yi yawa, masu saye suka riƙa dawowa suna cewa sabuluna na cin hannu, na rasa mutane da dama kafin na gane.

Amma wanda har yau ban yafe wa kaina ba shi ne na gorar zamzam. Na narka Texapon ya ragu, ya yi garau kamar ruwa, na rasa inda zan zuba, sai na ga ƙaramar gorar da muke ɗura zamzam ba komai ciki, na juye na ajiye a ƙasa bayan ƙofa da niyyar anjima zan rubuta a jiki. Anjimar ba ta zo ba. Ɗana yana shekara uku lokacin, kuma mu muka koya masa in ya ga gorar nan ya yi bismillah ya sha. Ya kuwa yi bismillah ya kurɓa. Tarinsa na ji, na tarar da kumfa a bakinsa. Kakarsa ta riga ta miƙa yatsa za ta zura masa a maƙogwaro ya amayar, na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi wa surukata ba. Ba a sa yaro amai in ya sha irin wannan, kumfar na iya bi ta hanyar numfashi ta shiga huhu, in kuma abu mai ƙuna ne zai sake ƙona hanyar da ya bi wajen fitowa. Na kuskure masa baki, na kira 937, layin ma'aikatar lafiya, muka wuce asibiti. Ya kwana da gudawa ya warware, Alhamdulillah. Abin da ke hana ni barci shi ne ruwan soda ma haka yake garau, kuma sau nawa na ajiye shi a irin gorar nan. Yaron da ya sha soda maƙoshinsa ke ƙonewa ya tsuke, wani sai an yi ta aiki kafin ya iya haɗiyar abinci. Tun ranar duk jarkar da ke gidana da suna a jiki da babban rubutu, Hausa da Larabci, a kabat na sama mai kwaɗo.

Masu aikin gidaje, ku ma kun san ɗabi'ar nan ta haɗa Clorox, wato bilic, da Flash, ruwan wankin banɗakin nan mai asid, wai banɗaki ya yi ƙyalli. Na yi sau ɗaya a hammam mara taga, da rarrafe na fito. Iskar kulorin ce ke tashi in bilic ya haɗu da asid, don haka kar ki ce za ki ƙara Clorox cikin haɗinki ma, salfonik asid ne. In numfashi ya sarƙe a fita iska a kira 997, motar asibiti ta Hilal Ahmar, ko 911 a nan yankin Makka. Fomalin da wasu ke sawa don kar sabulu ya lalace na daina tuni, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. In kuma abu ya zube a tayil a fara gogewa da busasshen tsumma, in kika watsa ruwa santsi da kumfa za su cika miki gida.

Ita 'yar ƙanwar tawa na kira ta, ta ce "Inna ke dai kin cika tsoro". Na ce na ji, ran Juma'a zan shigo Jidda da gilashin kariya uku da safar hannu, kuma mai goyon nan ta sauke yaron ta miƙa shi maƙwabta kafin a buɗe ko da jarka ɗaya.